Gicciye: Mu San Kalmar Kafin Mu Yi Gardama

Jama'a, duk shekara idan Ista ta zo, a Ikko da Badun sai ka ga Kirista sun fito ranar Jumma'a ɗauke da itace biyu a giciye. Daga nan sai gardama ta kaure a zaurukanmu na Sabo da Agege, har wani ya zagi maƙwabcin da jiya-jiya suka ci abinci a kwano ɗaya. Ni a ganina yawancin masu wannan hayaniya ba su san inda kalmar ta fito ba.

Turawa suna cewa crucifixion. Kalmar ba tasu ba ce, aro suka yi daga Latin, watau harshen Rumawa: crux shi ne gungumen da ake rataye mai laifi, figere kuwa kafewa. Larabawa suna ce wa gungumen salib. Mu kuma muka ce gicciye, saboda itace ɗaya ya gitta ɗaya.

To, asalinsa hukunci ne na sarakuna, kamar yadda a da ake tsire mutum a ƙasarmu. Rumawa sun tanade shi don bayi da 'yan tawaye, domin su mutu a hankali a bainar jama'a, kowa ya ji tsoro. A shekara ta 71 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan an murƙushe tawayen bayi na Sifatakus, an gicciye mutum wajen 6,000 a bakin hanyar da ta tashi daga Kafuwa zuwa Rum. A 1968 ma an tono ƙashin wani mutum a Ƙudus, ƙusa na nan cake a diddigensa. Sarki Kwanstantin ne ya hana hukuncin a ƙarni na 4.

Alƙur'ani ma ya san shi, don a Suratu Ɗaha Fir'auna ya yi wa bokayen da suka ba da gaskiya barazanar rataye su a kututturen dabino.

Saɓanin fa a wuri ɗaya yake. Kirista sun ce an gicciye Yesu, kuma a kan haka addininsu ya tsaya. Musulmi kuwa, bisa aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, sun ce ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba. Wannan magana ba ihun bakin kasuwa zai raba ta ba. Balle ga mu baƙi a Kurmi, inda idan rigima ta tashi ba a tambayar mutumin Arewa ko masallaci yake zuwa ko coci kafin a ƙone masa rumfa.