FILIN 'YAN MATA: Dabon Kwabo Ba Aikin Aljanu Ba Ne

Yau zancenmu kan masu dabon nan ne, irin waɗanda ke tara jama'a a gefen Babbar Kasuwar Kaduna, su ɓatar da kwabo, su zaro shi a bayan kunnen yaro.

Wallahi babu aljani a ciki, saurin hannu ne kawai. Mai dabo yakan yi kamar ya saka kwabon a hannun hagu, alhali yana maƙale a tafin damansa. Sai ya dunƙule hagun, ya ƙura masa ido, ya cika ki da surutu, ke ma idonki ya bi can. Tsabar naira ɗaya ta 1991, mai hoton Herbert Macaulay, ta dace da wasan saboda faɗinta. Tsaba ta daina yawo a kasuwa, amma dabarar tana nan.

Wanda ya ce wasa yake, ki kalla ki yi dariya. Wanda kuwa ya ce ki kawo kuɗin makaranta ko sarƙar Mama ya ninka miki, ɗan damfara ne. Da yana iyawa, me zai zaunar da shi cikin rana? Haka ma saurayi mai zaƙin baki, ƙawata, ki lura da hannun da bai nuna miki ba.

Sai fitowa ta gaba. Taku har kullum.