Masu Farfaɗiya Da 'Yan Tallan Bitamin

A tashoshin mota, da cikin bas-bas na Legas, da kuma yanzu ta wayar hannu, 'yan tallan magani sun sami sabuwar haja, watau ƙwayoyin bitamin da sauran abubuwan da ake kira ƙarin abinci. Kwalabe ne masu ƙyalli daga ƙasashen waje, kuma babu ciwon da mai talla ba zai lissafa ba, har da farfaɗiya. Da asarar kuɗi ce kawai, da da sauƙi. Amma magidancin da ke da ɗa mai farfaɗiya, ga tsadar magani tun faɗuwar darajar Naira a 2023, ba lalle ne aljihunsa ya ɗauki biyu ba. In aka rinjaye shi ya ajiye ƙwayar asibiti ya kama kwalba, to, da ran yaron ake caca.

Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba ta yaɗuwa ta miyau ko ta taɓa jiki. Sau da yawa tabo ne da wahalar haihuwa, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, ko buguwar kai a haɗarin mota ya bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke fama da ita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Magungunan nan an daɗe da sanin su: fenobabiton tun 1912, fenitoyin tun 1938, sa'an nan waɗanda jama'a suka sani da sunan Tegretol da Epilim. Aikinsu ya dogara ne ga kasancewarsu cikin jini kullum, ba fashi. Wanda ya yanke su farat ɗaya yana iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta tsayawa, wadda in ta wuce minti 5 sai a garzaya asibiti, domin tana kisa.

To, ashe bitamin ba shi da wani amfani ke nan? Yana da shi, kuma a nan ne 'yan talla ke samun ƙwayar gaskiyar da suke lulluɓewa da ƙarya. A farkon shekarun 1950 jarirai a Amurka suka riƙa jijjiga, aka bincika aka tarar zafin da ake dafa wata madarar gwangwani da shi ne ya lalata bitamin B6 da ke cikinta. Da aka mayar musu da bitamin ɗin, sai jijjiga ta tsaya. A 1954 kuma likitoci suka bayyana wata irin farfaɗiya ta gado wadda ke kama jariri tun kwanakinsa na farko, ba ta jin magungunan da aka saba, amma allurar B6 na tsayar da ita cikin 'yan mintoci. Irin wannan yaro zai sha B6 har iyakar rayuwarsa. Sai dai a cikin jarirai dubbai da ƙyar a sami ɗaya mai ita, kuma allurar farko a asibiti ake yi, domin numfashin jaririn na iya ɗaukewa. Babban mutumin da farfaɗiyarsa ta samo asali daga buguwar kai, ko buhu ya sha na B6 ba abin da zai sake masa. Ƙari ma, a 1983 aka ba da rahoton mutum 7 a Amurka da jijiyoyinsu suka lalace, tafiya ta gagare su sosai, saboda yawan shan wannan bitamin.

Wuri na biyu shi ne gyara ɓarnar da maganin kansa ke yi. Fenobabiton da fenitoyin da Tegretol suna sa hanta ta riƙa saurin ƙone bitamin D, shekaru na tafiya ƙashi na yin laushi, ga mutumin da daman faɗuwa yake yi. Don haka likita kan ƙara wa irin wannan majiyyaci bitamin D da kalsiyam. Haka nan macen da ke shan maganin farfaɗiya kuma take shekarun haihuwa, ana ba ta folik asid tun kafin ta ɗauki ciki. Amma fa folik asid ba ya kawar da haɗarin Epilim ga ɗan tayi, inda kusan jariri 1 cikin 10 kan zo da nakasa. Wannan magana ce da za a yi da likita kafin cikin, ba mace ta yanke magani da kanta ba. Har ila yau, yawan folik asid na iya rage ƙarfin fenitoyin a jini. Duk waɗannan kariya ce ga ƙashi da ɗan tayi, ba su ne ke hana faɗuwa ba.

Akwai kuma tsarin abincin nan mai yawan mai da ƙarancin sitaci da aka fara a asibitin Mayo na Amurka a 1921. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2008 daga asibitin yara na Great Ormond Street a Landan ya nuna kashi 38 cikin 100 na yaran da aka ɗora a kai faɗuwarsu ta ragu da fiye da rabi. Yara ne da magani ya riga ya gaza musu, ana auna musu abinci da sikeli, ana duba jininsu. Ba aikin da uwa za ta yi a gida daga jin labari ba ne.

Waɗansu kwalaben kuwa cutarwa suke yi. Ganyen da ake rubuta wa St John's Wort yana rage ƙarfin magunguna da dama a jiki, shi kuma ginko da ake talla don ƙarfin tunani, 'ya'yansa na da gubar da ke tayar da jijjiga. Masu saye kan ruɗu da ganin an rubuta Amurka, alhali dokar can ta 1994 ba ta tilasta wa mai ƙarin abinci ya tabbatar yana warkarwa kafin ya kai kasuwa ba. A nan gida ma, magungunan itatuwa da yawa masu lambar NAFDAC an rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba, da Turanci, da ƙananan haruffa, inda mai saye a Agege ko Sabo ta Ibadan ba lalle ya iya karantawa ba.

Ya kamata NAFDAC ta sa ido a kan duk mai tallan da ya ambaci farfaɗiya, ta kuma sa a riƙa rubuta gargaɗin nan da Hausa da Yarabanci da Ibo. Likitoci su ma su riƙa tambayar majiyyaci abin da yake sha a gefe, ba tare da tsawa ba, don kada ya ɓoye. Amma nauyi mafi girma na wuyan Ma'aikatun Lafiya. A 2022 ƙasashen duniya, har da Nijeriya, suka amince za su ƙara yawan masu farfaɗiyar da ke samun kulawa da kashi 50 cikin 100 kafin ƙarshen 2031. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maganin mutum ɗaya na shekara guda na iya tsayawa a kan dala 5 kacal, saboda haka babu dalilin da zai sa a je ƙaramin asibitin unguwa a ce babu shi.