HOTON CIKI: A BIYA KO A BARI?

Ya ku 'yan'uwa talakawa, maza da mata, na Kurmi da Kantin Kwari da Sabon Gari da sauran kasuwanni, maganarmu ta wannan mako a kan aljihunku ta ke, da kuma ran masu ciki na gidajenku.

Ran Talata wani ɗan'uwanmu mai sayar da gwanjo ya zo ofishinmu da takardu huɗu a cikin leda. Dukansu na hoton ciki ne, abin nan da a ke kira sikanin. Cikin uwargidansa wata bakwai, ya kai ta shagon hoto sau huɗu, kowane zuwa da kuɗinsa, ga kuma na a-daidaita-sahu. Abin da ya kawo shi shawara ce: mai shago ya ce su komo su yi na biyar, shi kuwa jari ya ja baya. Muka ce, "Malam, ina katin awo?" Ya ce ai ba ta fara zuwa awo ba, tun da hoto yana nuna kome lafiya. Muka ce yaya jikin nata? Ya ce ƙalau, sai dai ƙafa da fuska sun ɗan kumbura, kuma tana kukan ciwon kai. Nan muka ce ya bar zancen hoto, ya tashi yanzu-yanzu ya kai ta asibiti a auna jininta.

Mun san ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa muka ga ya kamata mu baje maganar a faifai.

Da farko kada wani ya ce mun kushe wannan na'ura. Aba ce mai amfani ƙwarai. Ba irin hoton ƙashi ba ce da a ke gudun yi wa mai ciki. Ita wata siririyar ƙara ta ke aikawa cikin jiki, wadda kunne ba ya ji, ƙarar ta bugi abin da ke ciki ta komo kamar amsa-kuwwa, sa'an nan na'urar ta zana siffarsa a allo. Wani likita mai suna Ian Donald, a birnin Gilasgo, shi da abokan aikinsa suka bayyana amfaninta a 1958. Da ita a kan san kwanakin ciki, da ko ɗaya ne ko tagwaye, da inda mabiyiya ta kwanta, da waɗansu lahani na halitta. Gani ya kori ji, wannan gaskiya ne.

To, amma sau nawa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da amsa tun 2016. Ta ce mai ciki ta yi hoto ɗaya kafin cikin ya kai sati 24, watau wajen wata biyar da rabi. A cikin wannan shawara kuma ta ce mace ta sadu da ma'aikatan lafiya sau takwas, a ƙalla, kafin ta haihu. Hoto ɗaya, awo takwas. Mu kuwa mun juya lissafin, mun mai da kai ƙafa.

In guda ɗin nan kaɗai za a iya biya, lokacin da ya fi riba shi ne tsakanin sati 18 da 22, wajen wata huɗu zuwa biyar. A lokacin gaɓoɓin yaro sun fito yadda za a duba kai da zuciya da ƙashin baya, kuma lissafin kwanaki bai ɓaci ba tukuna. Hoton da aka yi a wata takwas don neman ranar haihuwa yana iya kuskurewa da sati biyu ko uku, gama a lokacin wani yaro ƙato ne, wani ƙarami. Sau da yawa mace ta kan riƙe ranar da aka rubuta mata kamar alkawarin bashi, ranar ta wuce, hankalin gida duka ya tashi a banza.

Yanzu ga abin da mai shago ba zai gaya muku ba. An yi wani babban gwaji a ƙasashe biyar na talakawa irinmu, Kwango da Kenya da Zambiya da Pakistan da Gwatamala, aka buga sakamakonsa a 2018. Mata fiye da dubu arba'in ke ciki. A waɗansu yankuna aka kai na'urar hoto ɗakin awo ana yi wa masu ciki, a waɗansu aka bar awo yadda ya ke. Da aka zo lissafi, mutuwar uwa da ta jariri ba ta ragu ba a inda aka yi hoton. Mu abin da muka fahimta a nan shi ne, na'ura nuni ta ke yi, ba ta magani. In ta nuna mabiyiya ta tare hanya, amma ranar naƙuda babu mota, babu jini, babu likitan da zai yi aiki, me ganin ya tsinana?

Ku dubi abin da ke kashe matanmu. Bisa ga ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta, mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da ɗaya cikin huɗu na duniya duka. Fiye da mata 200 ke nan kowace rana ta Allah. Manyan dalilan kuwa sanannu ne: zubar jini, da hawan jini mai kawo jijjiga, da doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta bayan haihuwa, ga ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suna taya su. Hoto ba ya auna hawan jini. Ba ya nuna jinin mace ya yi ƙasa. Ba ya ganin zazzaɓi, ba ya ganin sikila a jikin yaro. Waɗannan sai a ɗakin awo, da abin nan da a ke ɗaura wa a dantse, da gwajin fitsari da na jini. A can ne a ke ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin zazzaɓi, da allurar tsinkau-tsinkau. Ba su da ƙayatarwa kamar ganin yaro yana motsi a allo, amma su ke riƙe da rai.

Akwai inda ba a jayayya. In likita ko malamar awo ta ce a sake hoto, a sake, ko da bashi. Mai tagwaye, da mai hawan jini ko ciwon suga, da wadda aka taɓa yi wa aiki, da wadda aka ga yaronta ba ya girma ko ya kwanta a gicciye, duk waɗannan ba su cikin lissafin guda ɗaya. Haka wadda aka ga mabiyiyarta ta yi ƙasa a wata biyar: a kan sake dubawa wajen sati 32, ko da ya ke tara cikin goma ta kan haye sama da kanta yayin da mahaifa ta girma. Ƙaramin ciki mai zubar jini da ciwon mara mai tsanani kuwa, asibiti za a nufa nan take, don wani lokaci cikin a wajen mahaifa ya zauna, yana iya fashewa. Wannan ba maganar shago ba ce.

Sai kuma hoton neman sanin mace ce ko namiji. Mu faɗi gaskiya, da yawa daga kuɗin da ke fita wannan ke fid da su, wani lokaci ma don kishiya ta yi ne. Kowa da kuɗinsa, ba mu hana ba. Amma mai hoto ya kan yi kuskure, kuma bayan 'yan watanni za a sani kyauta. A Indiya sai da aka kafa doka a 1994 aka hana gaya wa iyaye, saboda ɓarnar da abin ya jawo wa 'ya'ya mata.

Ku 'yan kasuwa ne, ba ku sayen buhu sai kun soka masa tsinke. To, ku yi haka nan ma. Ku tambaya wa zai riƙe na'urar, likita ne ko mai rajista da hukumar masu hoton asibiti, ko kuwa yaron shago ne da ya koya a tsaye. Ku karɓi takarda mai suna da sa hannu. Ku kai ta ɗakin awo a karanta muku, kada ta ƙare a ƙarƙashin katifa. Kuɗin na biyu da na uku da na huɗu kuwa a jefa a asusu ko adashi, a ajiye wa ranar haihuwa, don mota da tsakar dare da ledar jini. Ba a fafe gora ran tafiya.

Saura laifin da ba naku ba. Me ya sa talaka ke fita daga asibitin gwamnati da 'yar takarda a hannu yana neman shago? Ko a ce na'ura ta lalace, ko babu wuta, ko a ba mace ranar da ta fi ta haihuwarta nisa. A Abuja ne, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, har yau Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A watan Nuwamba 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi shelar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali. Madalla. Ku tambaya tun a ɗakin awo wane asibiti ne ke yi kusa da ku, tun kafin ranar ta zo. Mu kuwa abin da mu ke nema, hoton nan guda ɗaya ya shiga cikin awo, kyauta, a kowane asibitin gwamnati.

Shi dai mai gwanjo ya komo ran Alhamis. An sami jinin uwargidansa ya hau ƙwarai, an kwantar da ita, an sa ta a kan magani. Kuɗin hoto na biyar da shi ya sayi maganin.

Duk wanda aka tura daga asibitin gwamnati zuwa wani shago takamaimai, aka ce lalle can za shi ba wani wuri ba, ya kawo mana takardar ofis. Muna tara su.