Muryar da Muka Sani Ta Daina Zama Shaida

Shekaru kaɗan da suka wuce, daga bakinsa muke gane ɗan damfara. Hausarsa a karkace take, saƙonsa kuwa cike da kurakuran da ɗan aji huɗu ba zai yi ba. Yau ƙirƙirarriyar basira ta share masa wannan tabo. Tana rubuta masa wasiƙa mai tsabta kamar ta ofis, kuma idan ta samu ɗan guntun maganar mutum, irin wadda muke aikawa a zaurukan WhatsApp safe da yamma, tana iya kwaikwayon muryarsa ta faɗi abin da bai taɓa faɗa ba.

A farkon 2024, wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya samu saƙon a tura kuɗi a asirce. Da farko ya yi shakka. Sai aka kira shi taron bidiyo, ya ga fuskar babban jami'in kuɗin kamfanin da ta abokan aikinsa, ya ji muryoyinsu, hankalinsa ya kwanta. Ya tura kimanin dala miliyan 25. Duk fuskokin nan na jabu ne. Ba a fasa kwamfutar kamfanin ba. Mutum aka yaudara.

Wani zai ce ina ruwan malamin firamare a Wurno da wannan, mu da albashi ke ƙarewa kafin wata ya raba? To, ai tun ƙarancin takardun naira na 2023 kusan duk kuɗinmu suka koma cikin waya. Albashi, adashi, kuɗin ƙungiyar taimakon kai da kai, cinikin albasa da tafarnuwa da wasunmu ke haɗawa da koyarwa, duk ta tiransifa da mai POS suke bi. Ma'ajin ƙungiyarmu shi ne bankinmu, ba shi kuma da sashen tsaro sai wayarsa da imaninsa.

Akwai abin da ya fi damun mu. A Rabah da Goronyo, kiran neman kuɗin fansa ba tatsuniya ba ne. Uban da ya ji muryar ɗansa yana kuka a waya ba zai tsaya bincike ba, kuma ba mai ganin laifinsa. Mai kwaikwayon murya ba ya bukatar bindiga ko daji. Tsoron da ke cikin zukatanmu ya ishe shi jari.

Dokar laifukan intanet ta 2015 da dokar kare bayanai ta 2023 suna nan, amma doka bayan ɓarna take isowa. Manyan kamfanoni sun koma ga dabara mai sauƙi: kowane umarnin biyan kuɗi, a katse waya, a kira mutumin ta lambar da aka riga aka sani, kuma kada kuɗi su fita sai da amincewar mutum biyu. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Gida ma zai iya ajiye wata kalma da iyali kaɗai suka sani.

Don haka muke roƙon shugabannin reshe su sa wannan a ajandar taro mai zuwa. A rubuta ƙa'idar mutum biyu cikin tsarin adashinmu, a kuma sanar da kowane malami cewa tantance ma'aikata ba a yin ta da karanta lambar sirri ko lambar OTP a waya, ko da muryar hedimasta ce ta nema.