Rana Tana Waje, Mai Ciki Tana Ɗaki

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko da wasu ma'aikatan lafiya a Abuja. Da zarar an ambaci ƙarancin bitamin D sai a ce wannan ciwon Turawa ne, mu nan rana har ta yi mana yawa. Ban yarda da wannan magana ba, kuma ina ganin haƙoran 'ya'yanmu ne suke biyan kuɗinta.

Gaskiya ne fatar mutum ce ke samar da yawancin bitamin D idan hasken rana ya taɓa ta. To amma sai ya taɓa ta. A dubi mai juna biyu da ke zaune a Gwarinpa ko Lugbe tana aiki a Sakatariyar Tarayya. Ta fito tun da sassafe, ta shiga mota an ɗaga gilasai, ta wuni a ofis cikin sanyin na'ura, ta dawo gab da magariba. Nau'in hasken da fata ke buƙata ba ya ratsa gilashi. Baƙar fata kuma tana buƙatar lokaci fiye da fara kafin ta samar da abin da ya isa. Wani nazari da mujallar Lancet Global Health ta buga a 2020 ya tattara binciken ƙasashen Afirka, ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku yana da wannan ƙaranci.

Kada wani ya yi saurin ɗora laifin a kan hijabi. Iyayenmu a Kano da Zariya sun yi kulle, amma suna da tsakar gida. A nan ake daka, ake wanki, ake shanya, ana shan hantsi da ɗaurin ƙirji ba tare da idon baƙo ba. Gidan bene na haya a Wuse ko Kubwa ba shi da wannan fili. Ɗaki ne da falo da labule mai kauri, sai ɗan baranda da ke kallon titi, wanda mace mai kamun kai ba za ta zauna a cikinsa ba mayafi ba. Mun gina birni mun manta da wurin da mace za ta sha rana cikin sirri, kuma wannan abin yana damuna ƙwarai.

Me ya haɗa wannan da haƙori? Haƙoran yaro na farko suna soma ƙarfafa tun yana ciki, wajen wata na huɗu, kuma bitamin D ne ke taimaka wa jiki ya tsotsi kalsiyam da ake gina su da shi. Farin ɓawon haƙori idan ya ginu da rauni, jiki ba ya sake gina shi. A Winnipeg ta Kanada an bi mata 207 masu ciki, rahoton ya fito a 2014: waɗanda bitamin D ya yi ƙasa a jininsu sun fi samun 'ya'ya masu ruɓewar haƙori tun suna ƙanana. A Kopenhagen ta Denmak an ba wasu daga cikin mata 623 ƙarin bitamin D daga mako na 24 na ciki. Da yaran suka kai shekara 6, lahanin ɓawon haƙori ya ragu da kusan rabi a wurin 'ya'yan waɗanda aka ba ƙarin, ko da yake kogon haƙori bai ragu ba. Saboda haka alawa da lemon kwalba da rashin goge baki suna nan da laifinsu. Abin da nake cewa shi ne ba su kaɗai ba ne.

Masu cewa a bar haƙorin, ai yaro zai yi famfara, su sani cewa turamen farko na dindindin suna soma ginuwa ne wajen lokacin haihuwa, kuma waɗannan ba su da canji.

Rana ma ita kaɗai ba ta wadatar. A Jos, Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa sun nuna a 1999 cewa yara masu lanƙwasar ƙafa sun fi warkewa da kalsiyam fiye da bitamin D shi kaɗai. Tuwo da shinkafa ba sa ɗauke da isasshe. Sai an haɗa da nono, kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu.

Ba ina cewa kowace mai ciki ta ruga kemis ta sayi ƙwayar bitamin D ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ce a ba kowa ba, kuma yawansa yana da illa. Roƙona ga ma'aikatan awon ciki a Abuja shi ne su riƙa tambayar mace yaushe rabon da rana ta taɓa fatarta, su yi gwajin jini ga wadda ake zargi. Kai kuma maigida, ka kewaye wani lungu a gidanka inda matarka za ta zauna a rana na ɗan lokaci kullum, kuma kada ƙwai da kifi da nono su yanke a cefanenka har ta haihu.