Ranar da na canja mudu ban gaya wa kowa ba

Rubutun nan da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Da 'yan kwamfuta nake musamman, amma duk wanda furojet ɗinsa ya bi ta kan Python ko R, ɗan lissafi ne ko ɗan tattalin arziki ko ma ɗan sashen Hausa, maganar ta shafe shi.

Bara na fara aikin mastas ɗina a kan sharhin da mutanenmu ke rubutawa da Hausa a intanet. Abin da ya fara tsayar da ni shi ne yadda muke rubutu. Wani ya rubuta kasa, wani k'asa, wani ƙasa. Wani ya rubuta 'ya'ya da miƙaƙƙiyar alama, wani da lanƙwasasshiya, ɗan uwanmu na Maraɗi ko Damagaram kuma ya rubuta ƴaƴa. Mu duk mun san abu guda ake nufi, ita kuwa kwamfuta kalmomi daban-daban take gani. Da na zo hutu gida Yelwa sai na zauna, duk daren da aka kawo wuta, na rubuta wani ɗan kod da ke daidaita waɗannan haruffa. Bai kai layi ɗari uku ba. Na ɗora shi a GitHub, na liƙa masa lamba 1.0 don in ji daɗi, na tura a zauren WhatsApp na sashenmu na ce duk mai so ya ɗauka. Mutum biyar ko shida suka ɗauka.

Bayan wata huɗu na lura cewa wajen yanka jimla zuwa kalmomi, alamar da ke gaban 'y tana sa a raba 'ya'ya gida biyu. Sai na ce to, bari kawai kod ɗin ya riƙa mayar da kowace 'y zuwa ƴ. Gyara ne mai kyau, har yau ban canja ra'ayi ba. Na gyara, na tura a wuri ɗaya, lambar tana nan 1.0, ban rubuta ko layi ɗaya na sanarwa ba, na yi kwanciyata.

Sati uku bayan nan wata ƙanwarmu 'yar aji huɗu ta kira ni, muryarta na rawa. Ta ce, "Yaya, don Allah ka taɓa wani abu a kod ɗin nan?" Kwamfutarta ce ta lalace, ta ari ta ƙawarta, ta sake sauke komai. Malamin da ke duba aikinta ya ce ta gudanar da shi a gabansa, ta gudanar. Babu jan rubutu, babu kuskure, komai ya tafi lafiya lau. Sai dai alƙaluman da suka fito ba su ne ke cikin babi na huɗu ba. Malam ya dube ta ya ce, to waɗannan na takarda daga ina suka zo? Ban ga laifinsa ba, ko ni ne haka zan tambaya.

Dare biyu muka yi kafin mu gano. Jerin kalmomin da ta tsara da hannunta duk da 'y ta rubuta su: 'yan, 'ya'ya, 'yanci, 'yar. Sabon kod ɗina ya mayar da su ƴan, ƴaƴa, ƴanci a cikin rubutun, saboda haka ba ɗaya da ya sake haɗuwa da jerinta. Allah ya taimake mu Git yana ajiye tarihi, muka tono tsohon, alƙaluman suka dawo daidai, na bi ta har ofishin Malam na yi bayani da bakina. Amma yarinyar nan saura ƙiris a ɗauke ta maƙaryaciya a kan abin da ni na aikata ina kwance a ɗaki.

Ku ɗauka mai hatsi ne a kasuwar Jalingo ya rage girman mudunsa cikin dare, da safe ya ci gaba da cewa mudu ne. Wanda ya daina sayarwa gaba ɗaya ya fi shi adalci, don ka san ka nufi wani. Haka kod yake. Wanda ya tsaya ya yi maka ihu da jan rubutu ya yi maka alheri. Wanda ya yi shiru ya ba ka wata amsa daban shi ne masifa.

Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu ba za su so shi ba: ranar da mutum na biyu ya fara amfani da kod ɗinka, ka daina zama mai cikakken iko a kansa. Ya zama amana. Cewa kyauta ka bayar ba ta wanke ka. Kuma masu wannan sana'a sun daɗe da tsara yadda ake riƙe amanar, mu ne ba a koya mana ba, mu ma ba mu nema ba.

Na farko ita ce lambar nan da na liƙa don ado. Ashe magana take yi. Akwai tsarin da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta, mai gida uku, kamar 2.4.1. Gidan ƙarshe idan ya motsa, kuskure aka gyara, ba abin da zai canja maka. Na tsakiya idan ya motsa, an ƙara sabon abu, amma tsohon aikinka zai tafi yadda yake. Na farko idan ya motsa, ana gaya maka ka yi hattara, an karya wani abu. Idan kuwa lambar da sifili ta fara, kamar 0.3, mai shi yana cewa ne har yanzu gini ake, komai na iya canjawa. Da na san haka da 0.1 zan fara. Kuma gyaran da na yi na ƴ, 2.0 ne sunansa, ko da layi uku ne kacal na taɓa.

Na biyu, sigar gwaji. Ba uwar da ke zuba miya a kwanon baƙi ba ta ɗanɗana ba. Kafin a saki babban canji, ana fitar da shi da wata alama a jikin lambar. A Python za ka ga 2.0.0a1, wato alfa, ɗanye ne sosai. Sai 2.0.0b1, beta, ya fara nuna. Sai 2.0.0rc1, wanda ake sa ran shi za a saki in ba a samu matsala ba. Daɗin abin, idan akwai tabbatacciyar siga, pip ba ya sauke maka waɗannan da kansa, sai ka ƙara --pre ko ka ambaci lambar da bakinka. Wato mai son ɗanɗano ya ɗanɗana, mai difens gobe kuma ba abin da ya same shi.

Ku duba yadda NumPy suka yi, wanda kusan duk mai lissafi da Python a kansa yake tsaye. Sun fitar da 1.0 a 2006, ba su taɓa gidan farkon nan ba sai watan Yunin 2024 da 2.0 ta fito. Shekara goma sha takwas. Da za su saki ɗin ma, tun watan Maris suka fara fitar da sigogin gwaji, don masu pandas da SciPy da scikit-learn da sauran waɗanda ke kansu su gwada su shirya. Duk da haka sai da wasu suka ji jiki. To ina ga ni da na tura nawa ƙarfe ɗayan dare ba sallama?

Na uku, gargaɗi kafin cirewa. Da yawanmu mun taɓa kwafo tsohon kod mai np.float ya ƙi tafiya, muka yi ta tsaki. Amma NumPy sun fara gargaɗi a kansa tun siga 1.20 a farkon 2021, ba su cire shi ba sai 1.24 a Disambar 2022. Haka pandas suka yi da append: gargaɗi a 1.4, cirewa a 2.0 cikin Afrilun 2023. Rubutun nan da ke fitowa mu yi maza mu rufe shi don ya ɓata mana allo, shi ne sanarwar. An gaya mana, mu ne muka toshe kunne.

Na huɗu, kada ka goge tsohuwar siga. A watan Maris na 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya janye kod ɗinsa daga npm, ciki har da left-pad mai layi goma sha ɗaya. Cikin ɗan lokaci ayyuka masu ɗimbin yawa a duniya suka kasa haɗuwa, har sai da npm suka mayar da shi. Layi goma sha ɗaya fa. Ba ka san wa ya jingina da bangonka ba.

Yanzu bari in amsa abin da abokina ya ce min a ɗakin karatu. Ya ce, "Malam, kai ɗan mastas ne, ba kamfani ba. Da kuɗin data za ka ji, da wuta, da kuɗin makaranta, ko da alfa da beta saboda mutum shida?" Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Ba wanda ke biyanmu, kuma yawancin masu riƙe da irin waɗannan ayyuka a duniya ma sa kai suke yi. Ba na cewa ka yi wa kowa hidima har abada. Amma ku auna kuɗin abin. Canja lamba, minti ɗaya. Layi uku na bayanin abin da ya canja, minti biyar. Saƙo a zaure cewa ga ta gwaji, wanda ke da sarari ya duba, mako biyu zan saki, wannan ko megabait ɗaya bai ci ba. Ni da na ƙi biyan minti goma, dare biyu na biya, da kunya a ofishin Malam. In kuwa ba za ka iya ba, rubuta a saman shafin cewa wannan aikin kaina ne, yana iya canjawa kowane lokaci. Wannan ma gaskiya ce, ta wadatar.

Wani kuma ya ce to ke nan kada a canja komai? A'a. Wani karyawar dole ne. Python 3 ta fito a Disambar 2008 ta karya abubuwa da yawa, mutane suka yi ta ƙorafi. Amma cikin abin da ta gyara har da yadda ake riƙe rubutu, ta mayar da shi Unicode tun daga tushe. Duk wanda ya taɓa fama da ƙ da ɗ da ɓ a Python 2 ya san mu muka fi kowa cin ribar wannan. Sai dai ba su kashe tsohuwar ba sai 1 ga Janairun 2020. Sama da shekara goma sha ɗaya suna riƙe da biyun don mutane su ƙaura a tsanake. Canji halal ne, mamaya ce ba kyau.

Mu ma masu saukewa muna da namu laifin, har ƙanwar tawa na gaya mata. Ranar da alƙalumanka suka fito ka sa su a takarda, a ranar ka buga pip freeze ka ajiye jerin lambobin duk abin da ke kwamfutarka, tare da lambar Python ɗin kanta. Ka tura wa kanka ta imel, ka sa a filas. In daga GitHub ka ɗauko kod, rubuta ainihin sigar da ka ɗauka. Kuma don Allah, saura sati biyu difens, kada ka sabunta komai, ko wa ya ce maka sabuwar ta fi sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni a ganina ma ya kamata sassanmu su wajabta wannan jeri a ƙarshen kowane kundi. Shafi guda ne. Ɗan ilimin sinadarai ba ya rubuta "na zuba wani ruwa", sai ya faɗi wane ne da nawa. Me ya sa mu za mu rubuta "an yi amfani da Python" mu wuce?

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Sigar gwaji ba ta da amfani in ba mai gwadawa. Masu rubuta manyan laburaren nan galibinsu da Turanci suke gwaji, ƙila da Faransanci ko Jamusanci ko Sinanci. Wa zai zuba musu 'ya'ya da Ƙ babba da ɗ ya ga abin da zai faru? In ba mu ba, ba kowa. Muna jira sai an saki, ta ɓata mana rubutu, sannan mu ce ba a damu da Hausa ba. Alhali an buɗe ƙofa watanni ana cewa ku zo ku duba. 'Yan uwanmu na Masakhane da HausaNLP sun nuna cewa ɗan Afirka zai iya zama a teburin da ake gina waɗannan abubuwa. Ba sai ka zama gwani ba. Buɗe keɓaɓɓen muhalli a kwamfutarka don kada ka taɓa na furojet, sauke ta gwaji, zuba mata jimla ashirin na Hausa. In ta yi daidai, alhamdu lillahi. In ta karya, rubuta musu abin da ka sa da abin da ya fito. Wannan rahoton gudummawa ce ta gaske, da sunanka a jiki, kuma ranar neman aiki ko gurbin digiri na uku ya fi "na iya kwamfuta" nauyi.

Nawa kod ɗin yanzu yana 2.0.0rc1. Tsohon yana nan a 1.0 yadda yake, ba zan sake taɓa shi ba. A sabon, mayar da 'y zuwa ƴ zaɓi ne, sai ka ce a yi. Na ba da mako uku kafin in saki. Ina neman mutum biyu ko uku masu rubutun Hausar Nijar, da wanda ke aiki da Fulfulde tunda haruffanmu sun yi tarayya, su gwada su gaya min inda ya karye.

Ƙanwar tamu ta yi difens lafiya, ta ce ta yafe. Wanda ya ga kuskure a maganata ya gyara min. Allah ya ba masu difens sa'a, ya raba mu da cin amanar da ba mu san mun ci ba.