Malamin Jigilar Kaya da Bai San Hanyar Shuwarin Ba

Ilimin tafiyar da sarƙar kayayyaki, wato nazarin yadda kaya ke barin hannun manomi har ya isa ga mai saye na ƙarshe, ya samu gindin zama a jami'o'in Nijeriya. Galibi ana haɗa shi da muradun ci gaba mai ɗorewa 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015. Matashin malami a Dutse, garin da ya samu jami'ar tarayya a 2011, zai iya gina aikinsa kacokan a kan wannan fanni, sai dai mudun da ake auna shi da shi a karkace yake.

Kwamitin ƙarin girma maƙalu yake ƙirgawa. Wanda ya raba takardun tambayoyi ga ma'aikatan ofis, ya juya amsoshin a kwamfuta, ya fitar da maƙala uku a shekara, zai riga abokinsa zama farfesa, ko da abokin ya shafe kaka biyu yana bin buhun riɗi daga kasuwar Shuwarin ko Gujungu zuwa Dawanau ta Kano, daga can zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Alhali wannan tafiyar ita ce fannin gaba ɗayansa. A cikinta ake gane inda nauyin buhu ke raguwa, da wanda ke yanke farashi, da abin da direba ke ajiyewa a kowane shinge, da dalilin da ya sa manomin Jigawa yake zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Rashin wannan sani yana da tsada. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen waken Nijeriya saboda maganin ƙwari ya wuce kima. Meziko ma ta taɓa dakatar da sayen zoɓo bayan an samu ƙwari a cikin kaya, kuma Jigawa na sahun gaba wajen noma shi. Duk matsalolin biyu a wurin ajiya da feshi suka faro, inda malamin fannin ya kamata a ce ya riga kowa leƙawa.

Masu kare tsarin za su ce mujallar ilimi ce ke tace bincike, kuma kuɗin fita fili ba ya samuwa. Maganar farko gaskiya ce, ba wanda ya ce a daina wallafawa. Ta biyun kuwa uzuri ne, domin Shuwarin na bakin Dutse, haka ma tashar binciken dabino ta NIFOR.

Gyaran yana hannun majalisun gudanarwar jami'o'i da hukumar NUC. Su ware maki na musamman ga binciken da aka yi a kasuwa da rumbu, su kuma wajabta a mayar da sakamakonsa cikin Hausa ga ƙungiyoyin manoma da dillalan da aka tattaro bayanan daga bakinsu.